Dutsen da Ka Ba Ni Ajiya

Zuwa ga aminina Oga Obi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka da sauƙi, kai da iyali da mutanen garinku baki ɗaya. Ni ne Sule Tela na Kwaciri, wanda ya yi shekara da shekaru yana sayen allura da man keke a shagonka na Sabon Gari. Na faɗi sunana ne don 'yarka Ngozi ta ce yanzu sai an gaya maka. Ka san ban yi boko ba. Maƙwabcina ke rubutawa, amma na hana shi gyara mini magana.

Ngozi ta kira ni a waya. Ta ce tun da ciwon mantuwa ya kama ka, ka bar yarenku, Hausa kawai kake yi, kuma kullum zancenka ɗaya: Sule ya kawo maka dutsenka.

Na san dutsen. Ranar Lahadi ce, ƙarshen damina. Ka fito daga coci da takalminka mai sheƙi, na tare ka a shataletalen Bata na ce ba ka san Kano ba sai ka hango ta daga sama. Ka ce mu shiga tasi, na ƙi. A ƙasa muka taka, muka hau Dala, muka hau Goron Dutse, duk yini guda, kana haki kana kirana mai taurin kai.

A kan ɗayansu takalminka ya yage, na zaro allurar da ke jikin hulata na ɗinke maka. A nan muka ci gurasa. Na ta da sallar la'asar, kai kana tsaye kana kore awaki daga gabana. Da za mu sauka ka tsinci wani ɗan jan dutse, bai fi goro ba, ka ce, "Malam Tela, riƙe mini. Ranar da zan koma gida ka ba ni, in nuna musu inda na tsufa."

Ranar da ka tafi, da ni da kai ba wanda ya tuna, muna ta fama da kaya a tasha.

To, Obi, gaskiya ɗaya ce: na ɓatar da shi. A cikin aljihun keken ɗinkina yake, tare da maɓallai. Da idona ya gaza na ba da keken, wanda ya karɓa ya zazzage tarkacen ya zubar.

Na ce ba komai, dutse ba ya ƙarewa, zan koma inda muka zauna in ɗauko ɗan'uwansa. Nan kaina ya ɗaure. Wanne ne a ciki, Dala ko Goron Dutse? Ni da ake sallama a ƙofar gidana a tambayi wa ya haifi wa a Fagge, wace rijiya aka cike aka yi shago a kanta. Ina tuna zaren baƙi ne. Ina tuna akuyar nan mai karyayyen ƙaho. Amma dutsen da muke kai, wallahi ya ɓace mini.

Matata ta ce in tsinci kowanne a bakin titi, ai ba za ka gane ba. Na ce ni zan sani.

Ranar Talata na hau Dala da sandata, ina hawa ina zama. Gidaje sun cinye gindinsa, na nemi Sabon Gari daga sama na kasa tantance ta. Duk da haka zuciyata ta ce nan ne. Na ɗauki dutse na sa a aljihun dama. Ranar Alhamis na ja gwiwata zuwa Goron Dutse don in tabbatar ba can ba ne. Ina zama, zuciyar nan dai ta ce nan ne. Na sa nasa a aljihun hagu.

Jiya matata za ta wanke rigar, ta zazzago su ta ajiye mini a kan taga, wuri ɗaya. Duka ja ne, duka kamar goro. Yanzu ko na Dala da na Goron Dutse ban iya rabewa.

Ga su nan biyun na ƙulle a ƙyalle, zan ba direban motar garinku tare da takardar nan. Ka juya su a tafinka, Obi. Hannun nan naka da yake raba allurai cikin kwali ba tare da ka duba ba, wataƙila ya riƙe abin da kawunanmu suka saki. In ya gane guda, ka sa Ngozi ta kira ni. Ɗayan kuma ka ajiye mini, kai ma ka ɗanɗana riƙon amana.

Allah ya ba ka lafiya, ya sassauta maka, ya saka wa Ngozi da alheri. Allah ya sa da aka karanta maka sunana ka ɗaga kai.

Naka mai taurin kai,
Sule Tela, Kwaciri