Harsashi Na Shida

8 ga Janairu

Gundula,

Ina gaishe ki, da fatan sanyin Erfurt bai kulle ki a ɗaki ba. Mu nan kan dutse ƙanƙara ta kai gwiwa, gwiwar kuwa sai ƙorafi take.

Za ki yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara goma sha tara. Ƙungiyarmu ta tseren sulu a kan ƙanƙara da harbi ta sayo sababbin bindigogi, masu fitar da haske maimakon harsashi. Sakatarenmu Dietmar ya ɗora tabarau a kan hanci ya karanta min doka: abin da ba ya harba harsashi ba bindiga ba ne, babu ruwansa da lasisi. "Kai ma kana iya riƙewa," in ji shi, sai kunnuwansa suka yi ja. Wato hukumar da ta karɓe lasisina bayan mijinki Ekkehard ya mutu ta hannuna ba ta da ja in na saɓa tocila mai gindin katako.

Akwai tseren tsofaffi ranar ashirin ga Fabrairu, ina so in shiga. Na cinye littattafai ba adadi a shekarun nan, babu wanda ya koya min wucewa ta gefen filin harbin nan ban kau da kai ba. Amma ba zan sa ƙafa a ciki ba sai kin yarda.

Ki huta lafiya.
Volkmar

17 ga Janairu

Volkmar,

Takardarka ta iso, lafiyata ƙalau. Har yanzu in tsoro ya kama ka sai ka koma zolaya.

Ni ba ofishin lasisi ba ce. Amma tunda ka tono, bari in faɗi nawa.

Ka gaya wa alƙali yadda aka yi. Tseren karɓa-karɓa ne. Ka harba harsashi biyar ɗinka a faifayen da ke rufewa in an same su, faifai ɗaya ya ƙi rufewa, ka zaro na shida, harsashin ko-ta-kwana, daga gindin bindiga ka sa da hannu, sai faifan ya rufe da kansa a makare. Ka miƙe ka saɓa bindiga ka tafi da harsashin a ciki. Ta tashi a rumfar gyaran katakon da ake ɗaurawa a ƙafa a yi sulu, Ekkehard na sunkuye a gabanka. Duk haka ne.

Abin da ba ka faɗa ba shi ne wanda aka sa a ƙarshen tsere ran nan, ya buɗe kowace bindiga ya leƙa cikinta. Ni ce. Na buɗe ta kowa. Da ka iso na ce, "Wuce, sarkin surutu, hancinka ya daskare." Ban taɓa taka ba, don kai na gida ne.

Shekara goma sha tara ina jiran wani ya tambaye ni. An hukunta ka, ka san iyakar naka. Ni kuwa sai gaisuwar mutuwa aka yi ta kawo min. Me ya sa ka yi shiru?

Gundula

29 ga Janairu

Gundula,

Ina sake gaisuwa. Sau huɗu na fara takardar nan, murhu ya ci uku.

Na yi shiru ne don na ga gawa ɗaya ta ishi gidanku. Na ɗauka alheri na yi. Mai karatu ma yana wauta, illa dai tasa da tsari take zuwa.

Shekaranjiya Dietmar ya kawo min sabuwar bindigar har gida in gwada. Ba ta da ƙara, sai ɗan ƙas kamar an karya tsinken ashana. Na kwanta a falo na harba biyar a bango. Ban ankara ba hannuna ya tafi gindinta yana laluben harsashi na shida. A lokacin na ji fito a bayana, irin wanda Ekkehard ke yi in yana goge katako, wanda kullum yake kuskure a wuri guda. Ban waiwaya ba. Na san butar shayi ce. Sai dai ban ɗora ta a wuta ba.

Na ja mariƙin buɗe bindigar don in leƙa ciki. Babu rami, Gundula, roba ce a toshe. Ba inda mutum zai duba ya tabbatar ba kome. Na kai ta rumfar itace na kulle, ina ta komawa ina taɓa kwaɗon.

Ina jin zan ce wa Dietmar ya cire sunana. Ki yafe min tayar miki da hankali.

Naki,
Volkmar

5 ga Fabrairu

Volkmar,

Kada ka cire. Na kira Dietmar na ce ya sa ni a ƙarshen tsere. Ya ce ai waɗannan bindigogin doka ba ta ce a duba su ba. Na ce masa ba doka na tambaya ba.

In ka iso za ka tsaya, ka sauke ta daga bayanka, ka miƙo min. Zan duba iya yadda nake so, kai kuma ka jira. Kada ka ce min babu kome a ciki.

Sai ka zo.
Gundula