Sai Ya Tambaya da Bakinsa

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya fama da malaman jami'a? Mu nan lafiya lau, in ban da hawan jinin da kika bar mini.

Yaya, binciken nan na digirinki na biyu zai raba ni da ubana. Kin ce kullum in zaunar da Baba da littafin koyon karatu, in ɗauki muryarsa a waya, kuma in ya cije a kalma kada in faɗa masa sai ya tambaya da bakinsa. Wane Baban? Kafintan da zarto ya ci yatsarsa bai ce wayyo ba, shi zai roƙi ɗan cikinsa? Jiya a bencin ƙofar shago ya ɗora yatsa kan "tsintsiya" ya daskare. Kalmar ta yi ta ƙona mini harshe, na tofar da ita. Ya rufe littafin, wai tunda na iya sai in karanta abina.

Ni wa ya yi mini shiru? Da tsofaffin jaridun naɗe gilashi na koyi karatu, ina tare duk mai wucewa da tambaya. Ba wanda ya yi digiri a kaina. Ku kuwa an kwashe ku, an ba ku ɗaki mai fanka, don a koya muku rufe baki!

Baba na gaida ki. Ƙaninki mai haƙuri,
Auta

Yaya,

Ina fatan kina lafiya, ke da masanan naki. To, albishirinki: Baba ya ajiye karatu. Littafinki yanzu yana ƙarƙashin ƙafar teburin nan mai ɗingishi, ya ce a nan ya fi amfani. Wai busasshen katako ba ya tanƙwaruwa, shi ya fi kowa sani. Na ce dokarki ce ta jawo, ya ce a'a, bakina ne, wai ni rediyo ne marar makashi.

Kin san bai shiga wannan wahala don bincikenki ba. So yake ya karanta wasiƙunki da idonsa, ba sai ya jira na dawo daga kai kaya ba. Kuma kin san halinsa, abin da ya ajiye ya ajiyu ke nan. Wallahi abin na cin raina fiye da yadda zan rubuta. Tun ranar ba na ce masa komai sai gaisuwa. Rediyon ya mutu, ya huta.

Ki zo ki kwashi iliminki.
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kada ki yi dariya, in kin yi zan sani.

Wasiƙarki ta iso ina goge wata ƙofa. Baba ya karɓa, ya dube ni, na ɗauke kai. Shi ma ya ƙi miƙo mini. Ya zauna ya buɗe, yatsar nan mai tabo na rarrafe a kan layi. Ya cije. Na ji shi yana gutsurar kalmar, yana komawa baya, yana tsaki. Ni kuwa ko uffan, kuma ba don dokarki ba, fushi nake. Na goge ƙofar har ta kusa zama faranti.

Can sai ga shi ya fito da layin cikakke, da ƙarfi: ka ce wa Auta ya rage surutu.

Ya yi dariya har da tari. Ya kira tela maƙwabcinmu ya karanta masa, ya tsayar da mai kawo katako shi ma ya ji. Da yamma ya ɗaga teburin ya zaro littafin, ya sa guntun katako a gurbinsa.

Kada ki tambaye ni muryar, ban ɗauka ba. Mai fushi ba ya tuna waya. Ki faɗa wa malaminki abin ya faru, tela shaida ne.

Daga yau ki riƙa rubutu da manyan baƙaƙe, kuma ki san abin da za ki rubuta a kaina.

Naki, bakinsa a rufe,
Auta