Sarewar da Ba Ta Jan Numfashi

Gwaggo mai filin nan,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na san maganar aure da ta surukai aka saba kawo miki, ni kuwa ga ni tafe da maganar sarewa, to kada ki yi mini dariya sai kin kai ƙarshe.

Babanmu duk aikinsa a cikin 'yan badujala ya yi shi, shi ne mai busa sarewar ƙarfe, irin wadda ake riƙewa a gicciye. Ba don ubana ba ne, Gwaggo, amma mutumin nan in ya ɗora ta a leɓe, har mai gyaran babur na bakin layinmu ajiye sifana yake yi ya saurara. Bayan ya yi ritaya sai ya zauna ya rubuta wani dogon kiɗa nasa na kansa, na ƙungiya guda: goge manya da ƙanana, begila, ganguna, fiyano, sarewa kuma tana jan gaba. Shekaru ya yi a kansa, a teburin cin abinci, da fensir da abin gogewa, Mama tana mitar ya matsa ta ajiye kwanuka. Bai taɓa jin an kaɗa shi ba. Kafin ya haɗa makaɗa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, hannun hagu ya daina yi masa biyayya, sarewar ta koma akwatinta a saman durowa.

Ni ce auta, lissafi nake koyarwa a firamare, kuma ni kaɗai ce a gidan na koyi karanta rubutun kiɗa a wurinsa. Sai na ce bari in kwafe takardun nan cikin manhajar rubuta kiɗa ta kwamfuta, wadda in ka jera mata alamomin za ta kaɗa maka su. Na ci kwakwa, don rubutun Baba ƙanana ne kamar tururuwa, amma na gama. Sai ga shi muryoyin da manhajar ta zo da su ba su da maraba da ƙarar wayar roba ta yara. Ashe sai an nemo mata abin da ake kira rumbun sautuka: an ɗauki muryar kayan kiɗa na gaske daga hannun makaɗa na gaske, sauti bayan sauti, an tara, manhajar ta riƙa ɗebowa tana harhaɗawa. Rumbunan kuma iri-iri ne, kowanne da halinsa.

A nan Yayana ya shigo, a nan ne kuma abin yake mini ciwo. Gyaran kwamfuta yake yi. Tun yana yaro Baba ya gwada koya masa kiɗa abu ya ƙi, kunnensa ba ya rarrabe sama da ƙasa, har ya zama abin tsokana a gida. In ya fara waƙa a banɗaki Mama takan aika a duba ko famfo ne ya lalace. Dariya yake yi, amma na san abin yana cinsa. Da ya ji ina neman rumbu sai ya ɗauki aikin ya aza a kansa. Hutunsa na shekara ya ƙarar yana karance-karance da kwatanta wannan da wancan, ya zaɓo wani babba da aka ɗauka a wani katafaren zaure, ya kwance kwamfutata ya ƙara mata ƙarfi don ta iya ɗauka, ya kinkimo lasifikokinsa ya jona a falo. Wallahi Yayana mutum ne.

Ranar da muka kunna wa Baba ba zan manta da ita ba. Gogen nan suka taso a hankali, ka rantse mutane ne a tsaye a falon. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu, Baba kuwa hawaye kawai yake yi bai ko share ba. Yaya yana bakin ƙofa yana kallonsa, ban taɓa ganin fuskar Yaya da farin ciki haka ba. Sai aka kira shi daga shago, ya fita kafin sarewar ta shigo.

Ki san halin Baba, ba ya sauraron sarewa da kunne kaɗai. Leɓe yake tsukewa, yatsun damansa suna tafiya a kan sandarsa, yana numfashi tare da mai busar. A takardunsa ma duk inda mai busa zai ja iska ya sa wata 'yar ƙugiya da jan fensir, na kuma kwafe su duka, ko ɗaya ban bari ba. To sarewar rumbun Yaya ga zaƙi, ga tsabta, amma ba ta san da zaman ƙugiyar nan ba. Ta kama busa ta yi ta tafiya, ta wuce ƙugiya ta farko, ta wuce ta biyu, Baba yana biye da ita bai ja iska ba. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, idanu suka firfito, sai tari ya sarƙe shi. Na kashe da gudu, Mama tana ta salati. Da ya sha ruwa ya dawo daidai, cewa ya yi wai mai busar nan ko dai aljani ne, ko kuma famfon ba taya iska aka jona masa a baya. Mun yi dariya, amma tun ranar in aka zo wurin sarewa sai ya ɗaga hannu a kashe.

Wata abokiyar aikina mai koyar da kiɗa ta nuna mini wani ƙaramin rumbu da aka ɗauka a ɗan ɗaki. Sarewarsa ana jin hucin mai busar, ana jin ƙwas-ƙwas ɗin maɓallai, dogon sauti kuma yana gajiya ya mutu, sai Baba ya sami wurin jan iska. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya ce da alama mai busar mura yake yi, amma dai ɗan Adam ne. Sai dai sauran kayan, kai jama'a! Goge kamar sauro a kunne, ganga kamar ana dukan kwali.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne likita ya ce jin Baba yana raguwa, kuma siraran sautuka ne ke fara tafiya, wato sarewa ce za ta fara ɓace masa. Tsofaffin abokan aikinsa za su zo gaishe shi ƙarshen wata, Yaya ya riga ya yi wa kowa albishir za su ji kiɗan. Baba ya hana ni faɗa wa Yaya matsalar sarewar, ya ce kada in kuskura in karya wa yaron nan zuciya, shi zai daure. Ni kuwa ba na so sarewar ƙarshe da zai ji a duniya ta zama wadda take shaƙe shi. In kuma na sauya rumbu na watsa wa Yaya ƙasa a ido. Gwaggo, wanne zan zaɓa?

Autar Mai Sarewa

*

'Yata Auta,

Na yi dariya, amma a wurin famfon taya kaɗai. Sauran wasiƙar burge ni ta yi. Uba ya yarda ya shaƙe don kada ɗansa ya ji kunya, ɗa ya ƙarar da hutunsa a kan abin da kunnensa ma ba ya ganewa, 'ya ta bi tururuwa ɗaya bayan ɗaya ta kwafe. Gidanku ya yi albarka, ki fara riƙe wannan.

Ni ba makaɗiya ba ce, don haka na kai wasiƙarki wurin abokin aikinmu mai haɗa sauti. Abu na farko da ya ce shi ne mai yiwuwa rumbun Yayanki ba shi da laifi. Sau da yawa manhajar rubuta kiɗa tana ɗaukar alamar numfashi a matsayin ado ne kawai a takarda, ba ta tsayawa sai an umarce ta. Ki duba ko taki tana da wurin da ake ce mata ta mutunta alamar. In babu, ki rage tsawon sautin da ya zo kafin kowace ƙugiya, ki saka ɗan gajeren shiru a gurbin. Ya kuma ce manyan rumbuna sukan zo da salon busa fiye da ɗaya, har da mai huci, ba mamaki abin da kike nema yana can ciki ba a buɗe ba. Kafin ki taɓa komai ki ajiye kwafin aikinki a wani wuri daban.

Sannan wa ya ce miki dole sai rumbu ɗaya? Manhajoji da yawa suna bari kowane kayan kiɗa ya ɗebo muryarsa daga inda aka nuna masa. Goge da ganguna da begila su zauna a na Yaya, tunda su suka sa Baba hawaye. Sarewa kuma a gwada ta nan da can, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ki biye wa kiɗan talla da masu rumbu ke sakawa, kowa kayansa yake yabo, zaɓe da shi cinikin biri a sama ne. Ki ɗauko wurin nan da ya sa Baba tari, shi za ki kaɗa da kowace sarewa, a falon nan, da lasifikokin nan. Ki zauna ki kalli ƙirjin Baba. Wadda ya bi ta har ƙarshe yana numfashi lafiya, ita ce taku.

Maganar Yaya kuwa, a nan ban goyi bayan Baba ba, duk da na fahimce shi. Tausayi ne ya sa ya ce a ɓoye, amma ki tuna ranar baƙi: in tari ya sarƙe shi a gaban abokansa, ko ya ɗaga hannu a kashe, a gaban jama'a Yaya zai gane, kuma zai gane kun daɗe da sani. Wannan ya fi ciwo. Ki je ki lallashi Baba ya sake miki baki, sannan ki sami Yaya a shagonsa. Ki fara da gaskiyar da ya gani da idonsa, cewa zaɓinsa ne ya sa mahaifinku kuka, sai ki ba shi labarin ƙugiya. Mai gyara ba ya jin haushi don an kawo masa abin da ya samu matsala, abin da ke ɓata masa rai shi ne a kai wa wani. Kada ki gyara a bayan idonsa, ki ba shi aikin ya yi.

Ga kuma wadda ta fi kwanta mini a rai. Na tambayi mai haɗa sautin ko ana iya ɗaukar numfashin mutum a saka cikin kiɗa, ya ce sosai ma, in an fitar da kiɗan daga manhajar aka kai shi wurin haɗa sauti, kuma mai gyaran kwamfuta ba zai sha wuyar koyo ba. To ku saukar da sarewar nan daga saman durowa, ke ki riƙe masa ɓangaren da hagunsa ba ya iyawa, ya ɗora ta a leɓe. Ku rufe taga, ku kashe fanka, Yaya ya kafa abin ɗaukar murya kusa da bakinsa, a kunna kiɗan a kunnensa, duk inda aka zo ƙugiya ya ja iska yadda ya saba. A hankali, yana hutawa, in ya gaji a bari sai gobe. Yaya ya ɗauki kowane jan numfashi ya ajiye shi a gurbinsa. Hannun Baba ne ya gaza, numfashinsa yana nan. Abokansa da suka yi shekaru suna zaune kusa da shi a wurin aiki, ina kyautata zaton ba sai an gaya musu wanda ke busar ba.

Kada ku jira ƙarshen wata, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ku koma wurin likitan ku tambaya ko na'urar ƙara ji za ta taimaka, amma kiɗan ku kunna masa shi da zarar ya haɗu, ku uku da Mama, ko da bai gama gyaruwa ba. Ranar kuma ki karɓe wayar Yaya ki kashe, kada shago ya sake fitar da shi kafin sarewar ta shigo.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar masa jinsa har ya ƙoshi da kiɗansa, ya yi muku albarka ke da Yayanki. Ki gaishe mini da Mama, ki ce teburinta bai yi hidimar banza ba.

Gwaggonku