Tsaga a Allon Maccido

Goronyo,
4 ga Janairu.

Zuwa ga aminina Malam Rufus,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Madam Elisabatu da jikoki. Ya sanyin Zuru? Tun da ka yi ritaya ka bar asibitinmu babu mai yi mini faɗa kan gishiri, kuma abin mamaki, kewar faɗan nake yi.

Hannun hagun da ciwon shanyewa ya taɓa bara ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Likitan gashin ƙashi a Sakkwato ya ce kada yatsun su zauna banza, sai ɗiyata Safara'u ta kawo kwamfutarta ta jona da talabijin ɗin ɗakina, ta sa mini wasan tseren mota da ake tuƙawa da ɗan abin dannawa. Kada ka yi dariya. Mutumin da ya shekara talatin yana buɗe wa gonakin rani ƙofar ruwa, furfura har gemu, ya koma tuƙin motar ƙarya! In 'yan majalisarmu suka ji, na shiga uku. Shi ya sa bayan la'asar nake rufe ƙofa in kashe sautin, ko uwargida Turai ba ta shigowa.

Ga dalilin wannan takarda. Sati biyu ke nan, duk na karya kwana sai hoton ya tsage a tsakiya. Saman hanya ya yi dama, ƙasanta ya tsaya baya, kamar zanen da aka yaga aka ɗinke a karkace. Ƙiftawar ido ya haɗe, can kuma ya sake. Likita ya gargaɗe ni cewa ranar da gani ya rabu, ciwon ne ya dawo. Rufus, tsoro nake ji, abinci ma ba ya wuce mini. Ban kira ka a waya ba don Turai tana jin duk abin da aka faɗa a gidan nan. Mi kake gani?

Ka gaida mutan gida.

Naka,
Maccido.

Goronyo,
13 ga Janairu.

Malam Rufus,

Ina gaisuwa. Ya jikin Madam, ƙafar ta saki? Direban motar Zuru ya kawo mini amsarka, kuma na sha faɗan da nake kewa har ya ishe ni.

Na bi maganarka na je asibiti, amma ban je namu ba, don a nan kafin in fito labari ya riga ni gida. Wurno na tafi. Wata ma'aikaciya mai kirki, Theresa, ta auna jinina ta ce lafiya lau, ta haska mini ido da tocila ba ta ga komai ba. Sai ta tambaye ni a ina nake ganin tsagar. Wallahi bakina ya kasa faɗin wasan yara a gaban sa'ar ɗiyar cikina. Na ce mata a kan hanya nake gani, in na karya kwana. Nan take fuskarta ta canza. Ta rubuta mini takarda zuwa Sakkwato, ta ce kada in sake hawa babur sai an duba ƙwaƙwalwata.

Ka ga abin da na jawo wa kaina. Albasata tana can bayan dam, ranar Alhamis ne layin ruwanmu, ga ni zaune ina cewa babur ne ya lalace. Jiya na taka har bakin ruwa, na tsaya ina juya kai dama da hagu da sauri don in ga ko gaɓar can za ta tsage. Ba ta tsage ba. Masunta dai sun bar tarunsu suna kallona, ɗaya har ya tambaya ko ƙudan zuma ne. Na dawo ɗaki na kunna wasan, kwanar farko hanya ta rabe. Sai na ce wa kaina ai haka ciwo yake farawa, a kan abu mai gudu tukuna.

Ka ce in zaunar da wani kusa da ni ya kalla tare da ni. Faɗar ta fi yi sauƙi. In Turai ta zauna ta ce ita hanya ɗaya take gani, to magana ta ƙare, kuma a gabanta za ta ƙare. Matar nan wata huɗu tana ɗaga ni tana kwantarwa. Ban san da wane baki zan ce mata ta sake shiri ba.

Ka sa ni a addu'a a cocinku, ban raina ba.

Naka cikin damuwa,
Maccido.

Goronyo,
19 ga Janairu.

Aminina Rufus,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ka zauna kafin ka karanta.

Ranar Talata na cije na kira Turai ɗaki. Na kunna wasan, na ce ta zuba ido ta faɗa mini gaskiya. Ina karya kwana, hanya ta tsage, sai na ji ta ja numfashi ta kama hannun rigata. Ta tambaye ni wai ni ma ina gani? Kafin in amsa ta fashe da kuka.

Muka kira Safara'u a waya. Ta yi dariya har da tari. Ta ce kwamfutar ce ke turo hotuna da sauri fiye da yadda talabijin ke iya nunawa, shi ya sa rabin sabo ke hawa kan rabin tsoho. Ta bi da ni cikin saitin wasan har wani wuri da ake kunnawa don kwamfuta ta jira allo ya gama hoto ɗaya kafin ta turo wani. Na danna sau ɗaya. Kwana goma sha biyu na karya a jere, hanya tana nan ɗaya. Gobe zan koma Wurno in faɗa wa Theresa gaskiya, ko da za ta yi mini dariya.

Amma ni dariyar ba ta zo mini ba, Rufus. Ashe duk Juma'a in na tafi masallaci, Turai tana shiga ta gwada wasan don ta ga mi ke tsare ni. Ta riga ni ganin tsagar da sati guda, ta ɗauka makantar da ta kama uwarta ce ta iso gare ta. Ita ma kunya da tsoro suka rufe mata baki. Na tambaye ta don mi ba ta je asibiti ba, ta ce ba ta da lokacin wannan.

Ka san mi ta yi da satuttukan nan? Kowace safiya in na fita, sai ta ɗaure idonta da ɗankwali, tana koyon bambance ƙwayoyin maganina da yatsa, tana lalube daga murhu zuwa ƙofar ɗakina da kwano a hannu. Ta nuna mini ƙuna biyu a hannunta. Ta ce yanzu ta iya, ko miya ba ta zubarwa.

Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Maccido.