Kwakwa Huɗu a Telaga Nyior

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Ummukulthum Bello, matar marigayi Dakta Ubale, nake rubuta wannan da hannuna a gidan ɗana Abdulmajid da ke unguwar Cheras, cikin Kuala Lumpur. Jikina ya yi rauni, amma hankalina yana nan yadda kuka san shi, kada wani ya ce magani ne ya sa ni faɗin abin da zan faɗa. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ManzonSa ne. Abdulmajid, Walida, Zahraddeen, ku zauna wuri ɗaya ku karanta. Ban yarda a ɗauki hoton takardar nan a tura wa kowa ta waya ba.

Na ɗaya. Gidanmu na Kabuga a Kano da ɗan abin da na bari, a raba yadda Allah Ya ce. Kawunku Hassan zai tsaya a kai. Babu wanda ke bina bashi. A cikin sulusi a gyara rufin ɗan masallacin ƙauyen Telaga Nyior, yana yoyo ta wajen sahun mata.

Na biyu. Kada a saka gawata a jirgi. Lokacin da mahaifinku ya rasu, kwanaki ya yi a cikin sanyin asibiti ana bin takardu kafin a kai shi Kano. Na yi haƙuri don danginsa sun nema, amma ban so ba. Mamaci ba kaya ba ne. Ni a Telaga Nyior za a binne ni, kuma so nake a kai ni da raina, da zarar ruwan ƙarshen shekara ya ɗauke, teku ta kwanta.

Na san za ku ce me ya haɗa Bakanuwa da ƙauyen masunta a gaɓar Terengganu. Kun manta ne, don kuna ƙanana muka dawo birni. Can mahaifinku ya kai ni ina amarya, yana binciken cutar kifi. Kafin nan ban taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Tiga ba. Na tarar da gidan katako a kan dogayen ƙafafu, awaki na kwana a ƙarƙashi, ko'ina warin kifin da aka shanya. Ruwan sama kuwa sai ya yi mako bai tsaya ba, masunta su ja jiragensu kan yashi su zauna ɗinkin koma. Na yi ta kuka. Mai gidan da muke haya, Mok Esah, ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata, sai ta zo ta zauna kusa da ni tana kankare kwakwa har in yi shiru.

Ita ta karɓi haihuwarku duka. Al'adarsu ce a wanke mabiyiya da gishiri da tsamiya, a naɗe a farin ƙyalle, a binne, sannan a dasa kwakwa a kai. Ranar da aka haifi Abdulmajid na ce mu binnewa kawai muke yi, ba ma dasa komai. Ta kalle ni ta ce, "To in yaron ya yi nisa, ta yaya zai san inda zai dawo?" Na bar ta ta dasa.

Na uku. Itatuwan nan huɗu ne a bayan gidan. Ƙasar ba tamu ba ce, ta jikokin Mok Esah ce, kada wani ya taɓa tayar da maganar fili. Amma sun san itatuwan da sunayenku, har yau ba a tura birin da suka horar ya tsinko kwakwa sai an ce ta wane za a hau. Doguwar ta Abdulmajid ce. Wadda iska ta karkatar wajen teku ta Walida ce. Ta bakin rijiya ta Zahraddeen. Ta huɗun ta 'yar'uwarku Kamila ce, wadda zazzaɓi ya ɗauke kafin a yaye ta. Kwakwarta ta fi kowacce 'ya'ya. Ba a sayar da su, sadaka ake yi, a ci gaba da haka. Kabarin Kamila na cikin maƙabartar da ke bayan masallaci, a gefen da ake jin ƙarar teku. Liman ya ce akwai wuri kusa da ita. Shekaru da yawa na bar yarinyar nan ita kaɗai a cikin baƙi, ya isa haka.

Kada a yi mini gini a kan kabari, kada a ɗaura wa dutsen kabarin ƙyalle kamar yadda suke yi a can. In matan ƙauyen sun zo da ruwan furanni za su zuba, kada ku yi musu wa'azi a gaban mutane. Ƙauna ce ta kawo su.

Na huɗu. Abdulmajid, wannan naka ne. Tun da Walida ta auri Rosdi, jikan Mok Esah, ba ka taka gidanta na ƙauyen ba. Ka ce ta yi digiri ta ƙare a wankin kifi. Ka ji tsoron Allah. Kifin da kake rainawa, uban Rosdi ne ke ajiye mana shi a kan matakala duk lokacin da kuɗin karatun mahaifinku ya makara, da shi ka yi ƙashi da tsoka. Rosdi ba ya wasa da salla, bai taɓa ɗaga wa ƙanwarka murya ba, duk da na san bakinta. Ka kula da ni a ciwon nan, ka ɗauke ni a bayanka ranar da na'urar hawa bene ta lalace, ban manta ba. Amma girman kai yana cinye lada.

Kai za ka tuƙa ni zuwa ƙauyen. Ban yarda da motar asibiti ba, ban yarda ka sauke ni a bakin hanya ka juya ba. Za ka cire takalmi, ka wanke ƙafa a randar da ke gindin matakala kamar kowa, ka hau, ka fara yi wa Rosdi sallama. Akwai ɗan turmin dutse a kicin ɗina da Mok Esah ta ara mini ranar da muka taso. Ta rasu ban mayar ba. Ka miƙa wa uwar Rosdi hannu da hannu.

Na biyar. Walida, in yayanki ya hau matakalar nan, ki rufe bakinki. Ba na son gori, ba na son a tono abin da ya wuce. Ki ba shi ruwan kwakwarsa ya sha. Kuma abin kunya ne jikokina su gaishe ni da Malayanci in amsa da Hausa, mu tsaya muna kallon juna. Ki koya musu. Ki kai su Kano su ga kabarin kakansu.

Na shida. Zahraddeen, an gaya mini yadda kuke raba dare a shagon shayi da ake kira mamak a unguwar Wangsa Maju kuna kallon ƙwallo. Wanda ya kwana a can ba ya samun asuba. Ka gama karatunka. In an yi hutu ka je wajen Rosdi ya fita da kai teku, ka ga yadda ake samun abinci.

Kowace ƙaramar salla ku haɗu a gidan Walida, ku ukun da iyalanku. Ba don ku tsaya a kaina kuna kuka ba, addu'a daga ko'ina tana isowa. Ku ci abinci a faranti ɗaya, ku share gindin itatuwan nan, har da ta Kamila.

Na yi muku faɗa da yawa a rayuwa, ban iya wasa da 'ya'ya ba, amma ban taɓa kwana da fushin ɗayanku ba. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuriyarku, Ya haɗa mu da mahaifinku da Kamila a gidan rahama.

Abdulmajid, Walida ta ce ruwa ya fara ɗaukewa. Ka duba tayoyin motarka.

Mahaifiyarku,
Ummukulthum Bello