Kaskon Baba Modu

Daren Talata, Azare.

Injin suyar gahawa ya iso yau. Na bincika kasuwar Azare kaf ban samu ba, sai daga Kano wani direba ya kawo mini, da tsada mai ciwo. Ban yi nadama ba.

Tun da na auri Falmata, kawunta Baba Modu yake zuwa kowace la'asar da kaskonsa, ya soya gahawa a zaurena, yana faɗa wa baƙina yadda ya ciyar da ni ina jami'a. Na san ba shi da wani wurin zuwa.

Na jona injin a gaban kowa. Ya gama kafin gawayin tsohon ya kama sosai.

Ya yi murmushi, ya ce, "To Malam, ni kuma aikin me zan yi?"

Na auna maganata, na ce, "Ka huta, Baba. A gida."

Falmata ba ta kula ni ba har yanzu. Gahawar ta ƙone, amma na shanye. Ya manta kaskonsa a zaure. Da sassafe zan ba ɗan acaɓa ya kai masa, kada ya sami dalilin dawowa.