Baba Ya Gyara Ɗinkin Likita

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Sallama da fatan alheri gare ki da mutanen gidanki. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga irin abin da ya sa na ɗauki biro yau. Yarana lafiya. Gwaggo ma ƙafar ta yi sauƙi, har tana fita ƙofar gida sa wa mutane ido. Rubutawa na yi zan turo miki hoton takardar ta waya, don in na kira ki zan faɗi abin da ba ya goguwa.

Baba ya ce miki ɗan wankin haƙori aka yi masa, ke kuma kika yarda don ya fi daɗin ji. To ga gaskiyar. Ciwon dasashin da ya daɗe yana ɓoyewa ya cinye ƙashin da ke riƙe da haƙoransa na ƙasa. Na ga hoton da aka ɗauka a asibiti, suna tsaye kamar turaku a ƙasar da ruwa ya zaizaye. Likitar ta buɗe dasashin, ta cika ramin da garin ƙashin saniya da aka tsabtace, ta lulluɓe da wani siririn mayafi na fatar dabba, ta ɗinke. Garin nan matakala ce kawai da ƙashinsa zai bi ya hau a hankali, wata da watanni, mayafin kuma ya narke da kansa. Duk abin da na karanta a kai magana ɗaya yake yi, kada a motsa wurin. Ta ce in ya buɗe ya ruɓe sai ta kwashe komai har haƙoran, kuma ƙashin da ya rage ba zai ɗauki aiki na biyu ba.

Da ƙyar na rufe shagon ɗinkinsa na zaunar da shi a gidana. Sai ga ƙunshin yadinki, da saƙon wai yaranki ba sa son ɗinkin kowa sai na kakansu. Na san so kike ransa ya yi fari. Ya kuwa yi. Na dawo daga aiki na tarar ba ya nan. Can shagon na same shi a kan keken ɗinki, allurai jere a leɓe, yana datse zare da haƙori kamar yadda ya saba tun ba a haife mu ba, mai gugan da ke kusa yana yi masa kirari wai tsohon ƙarfe ya dawo.

Ba ma wannan ne ya tayar mini da hankali ba. Kin san dogon madubin da masu gwada kaya ke tsayawa gabansa. Nan ya ja leɓensa ƙasa ya ƙare wa ɗinkin likitar kallo, ya ga ƙulli a fili da bakin zare a waje, ya ɗauki ƙaramin almakashinsa ya gyara. Da na tsare shi, ko kunya babu ya ce, "Mai barin ƙulli a fuskar riga ba ya wuni a shagona." Na ce bakinsa ba riga ba ce, ya ce duk ɗinki ɗinki ne.

Jiya na ga jini a tawul. Yau na sa ya buɗe baki a gaban taga, na ga wani abu fari yana leƙowa a gindin haƙoran, ga wani wari da babu shi a da. Ya ce ai ba ya jin zafi. Wannan ciwo dama ba ya sallama da zafi. Na kira likitar, ta ce in kawo shi gobe da safe, kada a bari ko harshe ya kai wurin.

Ni faɗa nake kullum, muryata ta zama ƙarar fanka a kunnensa. Ke yake ji. Ki kira shi yau, ki ce kin fasa ɗinkin yaran. Ki yi ƙarya in ta kama, zan ɗauki rabin zunubin. Kuma don Allah ki ajiye muryar nan taki ta lallashi.

Ki gaida mijinki da Babba da takwarar Inna. Gwaggo na gaishe ku.

Almakashin na cikin jakata tare da mabuɗin shago. Amma ɗazu na leƙa ɗaki na gan shi da madubin hodata, ya ja leɓe, yana cewa saura ƙulli ɗaya bai zauna ba.

Yayarki.